Ɗakin Da Ke Rama Magana

A shagon Babayo, bakin Tashar Dukku,
sifikun nan biyu sun yi mini daɗin baki.
Ganga ta fito da ƙiba, sarewa siririya,
na ƙirga kuɗi ban ko nemi ragi ba.

Na kawo su Tunfure, sabon gida,
falon da tayil ɗinsa ke ɗaukar ido,
silin fari fat, bango huɗu tsirara,
warin fenti bai gama fita ba.
Na jona, na kunna.
Sai ka ce an jefa gwangwani a rijiya.

Na ce waya ce. Na kwance, na sake ɗaurawa,
ja ga ja, baƙi ga baƙi,
na kankare bakin tagulla da reza har na yanke yatsa.
Na ce wutar ce ba ta kawo da ƙarfi ba,
na tada janareto, ya ƙara da nasa surutun.
Furera ta leƙo daga kicin:
"Wai biki ake yi a cikin tanki?"

Washegari na loda su a keke na mayar.
Babayo ya jona su tsakiyar kwalayensa,
suka rera kamar ba su taɓa saɓo ba.
Ya dube ni. Na dubi takalmina.

Malam Ajuji, wanda ya tsufa a gidan rediyo,
kunne ɗaya ya mutu, ɗayan ya fi na kowa,
ya zo bayan la'asar, bai ko kalli sifikun ba.
Ya tsaya tsakar falo ya tafa sau ɗaya.
Tafin ya tafi ya bugi bango, ya dawo,
ya sake tafiya yana jan wutsiya.
"Ka ji?" in ji shi. "Ɗakinka ba ya haɗiye komai.
Duk abin da aka faɗa masa sai ya rama."

Ya sa na janye su daga kusurwa,
taku biyu daga bango.
Wai sauti ruwa ne, kusurwa kwatami,
can yake taruwa ya kumbura.
Ya ɗaga su daidai kunne,
ya karkato fuskokinsu wajen kujerata
kamar yara biyu sun zo gaida kawu.
Sauran aikin, ya ce, ba na sukurdireba ba ne.

Sai muka shiga sito.
Tsohuwar dardumar Bolari da na ji kunyar shimfiɗawa,
mai tabon shayi, mai ƙunar gawayi a gefe,
ta fito.
Labulen nan mai nauyi da Furera ta ce ya tsufa.
Tumtum uku. Littattafan Baba,
shekara shida a kwali, suka hau kanta.
Falon ya rage kyau, ba zan ɓoye ba.
Ajuji ya sake tafawa.
Tafin ya faɗi nan inda aka haife shi.

Abin da ban gaya wa Babayo ba,
ban gaya wa Ajuji ba:
ba don kiɗa na saye su ba.
Akwai kaset da Inna ta aiko mini makaranta
shekarar da na fara barin gida,
an juye mini shi a memori.
Minti goma sha ɗaya, shi ke nan abin da ya rage.
Daren farko muryarta ta zo biyu-biyu,
kalma na taka kalma,
na kashe kafin ta gama sallama.

Yau bayan isha, yara sun kwanta,
na zauna inda fuskokin suka dosa.
Ta yi gyaran murya.
Ga ƙarar awarwaronta, ga akuya can baya,
wata na daka a maƙwabta.
Kuɗin mota na wurin Kawu Gidado.
In riƙa cin abinci. In daina wanka da dare.
Sai ta yi shiru, ba ta yarda da na'urar ba,
ta matso, har numfashinta ya taɓa ni:
"Kana jina kuwa?"

Ɗakin bai amsa ba.
Ni na amsa.